Kariya: Furen Dajinmu da Ya Tafi Yawon Duniya Ya Dawo da Tsada

Tukunyar tana ajiye a bakin ƙofar falon yayata a Kano, kusa da inda ake cire takalmi. Ta sayo ta ne a ƙarshen damina daga wajen masu sayar da fulawa na bakin titi. Ganye shar, jajayen furanni sun lulluɓe kan rassan, ga gindi jibgege kamar tulu. Duk baƙuwar da ta shigo sai ta tsaya ta tambayi inda aka samo ta.

Da sanyi ya shigo a watan Disamba, ganyen ya fara rawaya yana zuba ɗaya bayan ɗaya. Hankalin Yaya ya tashi. Ta ce ƙishi ne, ta shiga ba ta ruwa safe da yamma, ruwan da take saye da kuɗinta a hannun 'yan ga-ruwa. Da ta ga abin bai tsaya ba, ta ce to iskar hunturu ce, ta jawo tukunyar cikin inuwar baranda. Ta ƙara mata taki. Ta ƙara ruwa.

Ranar da na je gaishe ta a watan Fabrairu, na durƙusa na danna gindin da ɗan yatsa. Yatsan ya nutse kamar a ruɓaɓɓiyar gwanda, wani baƙin ruwa mai wari ya biyo baya. Yaya ta ce mai fulawar ya cuce ta, ya sayar mata da mai ciwo.

Baba mai gadin gidan, dattijo mutumin ƙasar Damagaram, yana zaune a kan bencinsa yana jin mu. Ya taso ya dubi tukunyar, ya girgiza kai. Ya gaya wa Yaya cewa wannan ai kariya ce, a garinsu a kan fako take fita, tsakanin duwatsu, babu mahaluƙin da ke ba ta ruwa, kuma idan ta zubar da ganye a lokacin ne ma take shirin yin fure.

Abin da ya faru a gidan Yaya yana faruwa a gidaje da yawa duk shekara. Mutane na sayen wannan shuka da kuɗi masu kauri, su kashe ta da hannunsu cikin watanni kaɗan, kuma kusan kullum yawan kulawa ne ke kashe ta.

Ba baƙuwa ba ce

Masu sayar da fulawa a Kano da Kaduna da Abuja sukan kira ta da sunan Turanci mai nufin wardin hamada, har mai saye ya ɗauka daga wata uwa duniya ta fito. Alhali kariya 'yar gida ce. Tana fita da kanta a faɗin yankin Sahel, tun daga Sanigal har Sudan, ta gangara Habasha da Somaliya da Kenya da Tanzaniya, ta ƙetara Bahar Maliya zuwa kudancin yankin Larabawa. Sunanta na Hausa yana cikin littafin sunayen tsirrai da likitan nan J. M. Dalziel ya wallafa a 1916, wato tun kafin a san da sana'ar sayar da fure a tukunya a ƙasar nan kakanninmu sun san ta, sun ba ta suna.

A daji takan kai tsayin mutum, wani lokaci ta wuce, har zuwa kamar mita uku. Jikinta toka-toka ne mai santsi, rassanta kakkaura, ganyen yana taruwa a can ƙarshen reshe. Furen kamar bakin algaita yake, mai kunne biyar, gefensa ja-ja ko ruwan hoda, maƙogwaronsa fari-fari. Wanda ya taɓa ratsa daji a tsakiyar rani ya hango ta ba ya mantawa: ciyawa ta bushe, ƙura ta turnuƙe, komai ya zama kalar ƙasa, sai ga wani tsirarren icce ya ɗauki furanni kamar an yi masa ado da gangan.

Masana suna kiranta Adenium obesum. Wanda ya fara rubuta bayaninta a littafin kimiyya shi ne Peter Forsskal, ɗalibin Linnaeus, wanda ya bi ayarin binciken da sarkin Denmak ya tura ƙasashen Larabawa a 1761. Bai koma gida ba, ya rasu a garin Yarim na Yaman a 1763, sai a 1775 aka buga abin da ya bari. A 1819 aka raɗa wa jinsin sunan Adenium, daga sunan Aden. Kalma ta biyun kuwa da Latin tana nufin mai ƙiba, saboda wannan gindi nata. A tsibirin Sokotra na Yaman akwai wata 'yar'uwarta da kututturenta kan yi girman da mutum ɗaya ba zai iya rungumewa ba.

Danginta ma ba baƙi ba ne a wurinmu. Gida ɗaya ta fito da tumfafiya, da kuma ƙwanƙwani da maharba ke haɗa dafin kibiya da shi. Wannan dangantaka tana da muhimmanci, za mu dawo kanta.

Yadda ta zama haja

Abin da ya sauya wa kariya daraja a can gabashin Asiya ya faru. Manoman furanni a Tailan da Taiwan sun shafe shekaru suna barbarar wannan da waccan, suna zaɓen mafi kyau, har suka fitar da launukan da daji bai san da su ba: ja wur, fari tas, mai ratsi-ratsi, mai duhu kamar zoɓo, da mai kunnuwa ninki-ninki wadda sai ka rantse wardi ce. A Tailan suna kiranta cuwan com, kuma sana'a ce babba, ana fitar da ita zuwa ƙasashe da dama. Jikokin waɗannan ne ake jerawa yau a bakin titunanmu.

Ta kuma zo a kan gaɓa. Gidajen da ake ginawa yanzu a birane ba su da tsakar gida irin ta da, mai ƙasa da bishiyar darbejiya. An shafe ko'ina da siminti ko an shimfiɗa intalok, abin da ya rage wa mai son ganin kore shi ne tukunya. Ga ruwa ya zama abin saye a unguwanni da yawa. Wanda ba shi da rijiyar burtsatse ba zai iya riƙe ciyawar ado ba. Shukar da za ta zauna a tukunya shekara da shekaru, ta jure rana, ta yi fure, ba ta kuma cin ruwa, dole ta samu kasuwa. Hotunan da ake yaɗawa a Facebook da Instagram suka ƙara wa abin armashi.

Farashi ya danganta da girman gindi da irin furen. Ƙaramar da aka tayar daga iri ba ta da tsada, amma tsohuwa mai murɗaɗɗen gindi da fure mai ninki takan ninka ta sau da yawa. Abin da ba a haɗa wa mai saye da shi shi ne sanin halinta.

Zubar ganye ba ciwo ba ne

Nan ne gizo ke saƙar. Yawancin furannin da muka saba gani a tukunya daga ƙasashe masu dausayi aka kawo su, kuma a wurinsu rawayar ganye alama ce ta ƙishi ko yunwa. Sai muka ɗauki wannan ma'auni muka ɗora wa kariya.

Ita kuwa tsarinta daban ne. Ganye ƙofa ce da ruwa ke fita ta cikinta daga jikin shuka. Idan iskar hunturu ta taso, busasshiya mai sanyi, shukar da ta riƙe ganyenta za ta yi ta asarar ruwa a lokacin da ƙasa ba ta da abin ba ta. Sai kariya ta rufe ƙofofin gaba ɗaya. Ta janye abin amfanin da ke cikin ganyen, shi ya sa yake yin rawaya, sannan ta sake shi ya faɗi. Ruwan da za ta rayu da shi yana nan cikin gindin, ta tara tun damina. Wannan ƙaton gindi da ake saye don kyansa, randa ce.

A wannan lokaci saiwoyinta ma sun rage aiki, ba sa shan ruwa sai ɗan abin da ba a rasa ba. Duk abin da aka zuba a tukunyar yana nan kwance, ga sanyin dare, wanda a Kano da Katsina da Zinder kan sauko kusa da digiri goma a tsakiyar hunturu. Jiƙaƙƙiyar ƙasa mai sanyi ita ce gidan ƙwayoyin da ke ruɓar da saiwa. Ruɓar takan fara daga ƙasa inda ido ba ya gani, ta hau cikin gindin. Kafin mai ita ya lura, cikin ya zama kunu.

Abin da ke ba ni mamaki shi ne mun san wannan darasi a wani wuri. Babu wanda ya taɓa ganin kuka tsirara a rani ya ce ta mutu. Gurjiya da minjirya suna zubar da ganye sannan su yi jan furensu a kan busassun rassa, yara ma sun san haka. Aguwa da bini-da-zugu da ake shingen gona da su haka suke wuni tsirara har ruwa ya sauka. Gawo kuwa nasa ya juya, da damina yake zubar da ganye, da rani ya yi kore, kuma manomi bai taɓa ɗaukar masa bokiti ba. Kowane icce da kalandarsa. Amma da zarar an sa shuka a tukunya an liƙa mata sunan Turanci, sai mu manta da abin da muka tashi muna gani.

Akwai ɗan bambanci da ya kamata a sani. Ire-iren da aka inganta a Asiya ba duka ne ke tuɓewa gaba ɗaya ba. Wasu kan riƙe rabin ganyensu idan sanyin bai yi tsanani ba, su ci gaba da fure jefi-jefi. Don haka shukar ake kallo. Idan tana fitar da sabon toho tana son ruwa. Idan ta tsaya cik tana zubar da ganye, a ƙyale ta ta huta.

Yadda za a bambance hutu da ciwo ba shi da wuya: a danna gindin. Idan yana da tauri kamar ɗanyen dankali, lafiyarta lau ko da babu ganye ko ɗaya. Idan ya ɗan yamutse amma ba ya nutsewa, ƙishi ne, ruwa sau ɗaya zai cika shi. Idan ya yi laushi, ya sauya launi zuwa baƙi ko rawaya, ruɓa ce ta shiga.

Daga ƙasa ake farawa

Mafi yawan kariyar da ke mutuwa, tun ranar da aka dasa ta aka yanke mata hukunci. Masu raino kan cika leda da baƙar ƙasar fadama saboda ita ce a kusa da su kuma tana riƙe laima, ba sai sun yi ta ban-ruwa ba. Wannan ƙasa ta dace da alayyahu da tumatir. Ga kariya kuwa tarko ce, don idan ta jiƙe takan kwana uku ba ta tsane ba.

Abin da take so shi ne ƙasar da ruwa zai ratsa ya wuce. Yashin rafi mai tsakuwa-tsakuwa, irin wanda magina ke kwaɓa kankare da shi, ya zama kamar rabin haɗin. Sauran a cika da ƙasar gona mara danƙo, da ɗan tsohon taki wanda ya gama ruɓewa ya koma gari, da gutsattsarin gawayi. Lallausan rairayin nan na kan hanya bai dace ba, yakan danƙare ya toshe iska. Gwajin mai sauƙi ne. A zuba ruwa a tukunyar. Idan bai fara ɗiga ta ƙasa nan take ba, a ƙara yashi.

Tukunyar ma da magana. Ta yumɓu irin ta maginanmu ta fi ta roba, saboda tana numfashi, laima na fita ta jikinta, ba ta kuma ɗaukar zafi kamar baƙar roba da ke dafa saiwa a ranar Afrilu. Mai faɗi mara zurfi ta fi doguwa. Dole a huda ƙasanta, huda manya ba ɗaya ba, kuma a ɗora ta a kan bulo ko duwatsu don kada ta zauna cikin ruwan da ya fito daga cikinta. Ƙatuwar tukunya ga ƙaramar shuka kuskure ne: ƙasar da saiwa ba ta kai gare ta ba takan zauna a jiƙe.

Sai rana. Kariya 'yar rana ce, tana son aƙalla awa shida tana dukanta kai tsaye. A inuwa rassanta kan miƙe siri-siri, fure ya ƙi zuwa. Falo ba wurinta ba ne, ko da kuwa kusa da taga. Sai dai wadda ta daɗe a ƙarƙashin rumfar mai raino, a fito da ita rana sannu a hankali cikin mako ɗaya ko biyu, don kada fatar gindin ta ƙone.

Kalandar ruwa

Daga Nuwamba zuwa farkon Fabrairu, hannu a aljihu. Babbar shuka da ta tuɓe za ta iya yin makonni uku ko wata guda ba a ba ta komai ba. Idan za a ba ta, da hantsi, don ƙasar ta sha iska kafin sanyin dare. Taki a wannan lokaci ɓarna ce.

Idan zafi ya fara shigowa, wajen ƙarshen Fabrairu zuwa Maris, za a ga kan rassan ya kumbura, ƙananan tohon fure sun leƙo. Nan ne wasu ke yin kuskure na biyu. Sun ji an ce shukar hamada ce, sai su bar ta da ƙishi a bazara. Ta daji tana da saiwoyin da suka bazu cikin ƙasa, ta tukunya kuwa abin da ke cikin tukunyar kaɗai gare ta, kuma zafin Afrilu da Mayu, da ke haura digiri arba'in a Sakkwato da Maiduguri da Yamai, yakan busar da shi cikin kwana biyu. A bazara kariya na shan ruwa sosai. A jiƙa ta har ya ɗiga, a bari ƙasar ta bushe, a tura yatsa a tabbatar, sannan a sake. Ɗan taki kaɗan duk bayan makonni ya isa. Takin zamani mai ƙarfin sa ganye, irin yuriya, zai ba da ganye jingim fure ƙalilan.

Damina ita ce jarrabawa ta biyu bayan hunturu. Ruwan farko da na Yuni alheri ne gare ta, a lokacin take girma tana cika gindi. Haɗarin yana cikin marka, a watan Agusta, lokacin da sama kan yi kwanaki a rufe ana yayyafi. A Zinder ko Maraɗi, inda ruwan shekara bai cika wuce milimita ɗari biyar ko shida ba, da wuya a samu matsala. A Kano, mai kusan ɗari takwas zuwa tara, sai an sa ido. A Kaduna da Abuja, inda yake haura dubu ɗaya, mai hikima kan jawo tukunyar ƙarƙashin rumfar da haske ke shiga amma ruwa ba ya dukanta har markar ta wuce. Wanda zai dasa ta a ƙasa ya yi mata tudu da yashi da duwatsu, kada ya haƙa mata kwari irin na mangwaro. A Jos kuwa abu biyu ne suka haɗu, ruwa da sanyi, shi ya sa ta fi wahalar riƙewa a can.

Idan ruɓa ta riga ta shiga, ba a yanke ƙauna nan da nan. A tumɓuke ta, a wanke saiwar, a yanke duk inda ya lalace da wuƙa mai tsabta har a kai ga farin nama mara tabo. A rataye ta a inuwa mai iska kamar mako guda ko fiye har ciwon ya bushe ya yi ɓawo, sannan a mayar da ita cikin busasshen yashi, a yi kwanaki kafin a ba ta ruwa. Da yawa kan tashi.

Iri, reshe ko aure

Hanya uku ake samun sabuwar kariya, kowace da abin da take bayarwa.

Reshe ya fi sauƙi. A yanko mai kauri kamar tsawon taƙi ɗaya, a ajiye shi a inuwa kwanaki har bakin ya bushe, a soka a yashi. Zai yi saiwa ya yi fure irin na uwarsa sak. Amma ba zai yi wannan tulun gindi da wuri ba, sai bayan shekaru, kuma yawanci a ƙarƙashin ƙasa. Mai sayen kariya don gindinta ya lura da wannan.

Iri shi ke ba da gindi tun tana ƙarama. Sai dai ba kowace shuka ke yin 'ya'ya ba. Da yawa sai su yi ta fure shekara da shekaru ba ƙwaya ɗaya, musamman idan ita kaɗai ce a gida. Idan ta yi, kwanso biyu ne ke fitowa a haɗe kamar ƙahon sa. Sukan ɗauki wata biyu zuwa uku kafin su nuna, kuma ranar da suka tsage iska ce ke kwashe komai, don kowace ƙwaya tana da gashi a kai da gindi, irin na tumfafiya. Shi ya sa masu raino ke naɗe kwanson da zare tun yana ɗanye. Irin ba ya son ajiya, sabo-sabo ake shuka shi, a kwance, a rufe da yashi kaɗan. A lokacin zafi yakan tsiro cikin mako guda. Wanda ya taɓa ganin 'yan jariran kariya, kowace da ɗan tumbinta kamar ƙwayar gyaɗa da ganye biyu a ka, zai gane dalilin da ya sa mutane ke kamuwa da son wannan shuka. Launin furen da za su yi kuwa sai Allah, ba lallai su biyo uwarsu ba.

Aure shi ke haɗa biyun, kamar yadda ake yi wa mangwaro da lemo. A samu mai gindi da aka tayar daga iri, a datse kanta, a ɗora ɗan guntun reshen mai kyan fure, a ɗaure da leda har su kama juna. Kusan duk masu ninkin kunnen nan da ake sayarwa 'yan aure ne, kuma idan aka duba za a ga tabon. Duk tohon da ya fito ƙasa da tabon nan na uwar gindin ne, a cire shi, in ba haka ba zai rinjayi na saman, bayan shekara mai ita ya ga furen da ya saya ya ɓace.

Aski kuwa a farkon zafi ake yinsa, ba da marka ba, ba kuma da sanyi ba. A kan sababbin rassa fure ke fita, saboda haka reshe ɗaya da aka datse ya fitar da biyu ko uku, riba ce. Ƙwarinta ba su da yawa: darɓa mai launin rawaya da ke taruwa a kan toho, farin ƙwaron nan mai kama da auduga, da wata ƙatuwar koriyar tsutsa da za ta iya cinye ganyen reshe a dare ɗaya. Tsutsar a tsince ta da hannu. Sauran, ruwan sabulu ko jiƙon 'ya'yan darbejiya da yamma yakan wadatar.

Maganar dafi

Wannan ita ce maganar da masu sayarwa ba su cika ɗagowa ba, kuma bai kamata a ɓoye ta ba. Kariya tana da dafi, daga saiwa har fure. Ruwan jikinta na ɗauke da sinadaran da ke taɓa bugun zuciya, dangin waɗanda ke cikin ƙwanƙwani. Al'ummomi da dama a Afirka sun daɗe suna dafa shi su shafa wa kibiya, cikinsu har da maharban Hadza na Tanzaniya, an kuma yi amfani da shi wajen kashe kifi a ruwa. Masu bincike a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya sun gwada ruwan ɓawonta a kan tarwaɗa, sun tabbatar da gubar.

A kan wannan ra'ayi ya rabu. Akwai iyaye mata da ke cewa abin da zai iya cutar da yaro ba shi da wurin zama a gidansu, komai kyansa, kuma ba wanda zai ga laifinsu. Masu kiwon awaki da tumaki a cikin gida su ma suna da hujjar yin ɗari-ɗari, ko da yake ɗacinta kan sa dabba ta kauce mata. A ɗaya ɓangaren, masu raino na cewa mutanen karkara sun zauna da kariya tun kaka da kakanni, kamar yadda suka zauna da tumfafiya da zurma da bini-da-zugu, waɗanda duk ba a ci, kuma sani ne ya kare su.

A ganina duka biyun suna da gaskiya, kuma abin da ya ɓata shi ne sanin nan. Yaron ƙauye an gaya masa tun yana rarrafe. Yaron birni ba wanda ya gaya masa, don uwarsa ma ba a gaya mata ba. Gidan da ke da mai rarrafe ya ɗora tukunyar inda hannu ba ya kaiwa, ko ya haƙura sai yaran sun yi wayo. Mai aski ya sa safar hannu, ya kiyaye idonsa, ya wanke wuƙar, kada kuma ta zama wuƙar kicin. Rassan da aka yanke kada a zubar inda dabbobi ke kiwo. Masu cewa ana magani da ita ba ƙarya suka yi ba, tana cikin kayan masu maganin gargajiya, amma tazarar da ke tsakanin magani da kisa a irin wannan sinadari ƙanƙanuwa ce ƙwarai, kuma ba abin gwaji ba ne a gida. Wanda ya ci ko yaronsa ya tauna, asibiti kai tsaye.

Masu tonowa daga daji

Tsadar babban gindi ta buɗe wata ƙofa da ke damuna. Maimakon a jira shekaru biyar ko goma ana raino, ya fi sauƙi a shiga daji da diga a tono wadda Allah ya raina. Ana gane irin waɗannan a kasuwa: gindi ƙato mai tabon sara, saiwoyi a guntule, an cusa shi a sabuwar ƙasa. Saboda ruwan da ke cikinsa zai iya yin fure a hannun mai sayarwa, ya yi watanni yana kamar mai rai, sannan ya mutu a gidan mai saye.

Masu wannan aiki suna da nasu uzurin. Abu ne da ke tsaye a daji ba mai amfana da shi, ga mai kuɗi a birni yana nema, ga iyali na jiran cefane. Ba a raina wannan magana. Amma kariyar daji a hankali take girma, kuma wadda ta kai girman da ake so ta girmi wanda ya tono ta a wasu lokutan. Fakon da aka kwashe ba ya komawa yadda yake a rayuwar mutum ɗaya. Ga shi kuma hanyar da ta fi riba tana nan a buɗe: kwanso ɗaya na iya ba da ƙwaya gommai, yanayinmu shi ne nata na asali, ba sai an gina mata ɗakin gilashi kamar a Turai ba, kuma aure sana'a ce da masu lambunmu suka riga suka iya a kan mangwaro. Abin da manomin Tailan ya yi da shukar da ba ta ƙasarsa ba, babu abin da zai hana mai lambu a Kano ko Maraɗi ya yi shi da tasa. Sassan nazarin tsirrai na jami'o'inmu da ma'aikatun gandun daji za su iya farawa da abu mai sauƙi, su tara irin ta gida daga wurare dabam-dabam su raina, kafin a wayi gari sai ta Asiya kaɗai ake gani.

Tukunyar Yaya ba ta tashi ba, ruɓar ta riga ta cinye gindin. Amma Baba mai gadi ya yanke rassa biyu na sama da ba su taɓu ba, ya ajiye su a kan katanga mako guda, ya soka su a tsohuwar kwatanniya da ya huda ya cika da yashin da magina suka bari. Ɗaya ya bushe. Ɗayan ya kama.

Na koma gidan a watan Maris na shekarar da ta biyo. Kwatanniyar na can gefen ɗakin mai gadi inda rana ke wuni. Reshen ya kai kamu ɗaya, ba ganye ko ɗaya a jikinsa, sai furanni huɗu a ka da wasu toho da ba su buɗe ba. Yaya ta ce tun da sanyi ya shiga Baba ya hana kowa zuwa kusa da ita da buta, sai a makon nan ya ba da izini, kuma shi da kansa yake tura yatsa a yashin kafin a zuba.